Yaron da ya yi suna kafin ya yi wayo

A da, yarinyar da ke son shiga fim daga Gumel ko Sule Tankarkar sai ta hau mota zuwa Kano, ta yi ta sintiri a ofisoshin furodusoshi na titin Gidan Zu har wani ya dube ta. Yanzu waya ta yanke wannan tafiya. Yaron da ya iya barkwanci, ko yarinyar da ta iya bin waƙa, bidiyo ɗaya a TikTok ya isa a san su daga Gagarawa har Damagaram. Leƙa rumfar masu caji da tura finafinai ranar Alhamis a kasuwar Maigatari: samari sun yi cincirindo kan waya guda suna maimaita bidiyon wani ɗan yaro, ana ƙyaƙyata dariya, wani na miƙa tasa yana cewa "tura min". Ba mai tambayar wa ya riƙe kyamarar, balle aljihun da kuɗin ke shiga.

Tushen abin talauci ne. Gidan da ya dogara da gero da riɗin damina ɗaya, in wani ya zo ya ce "Baba, a ba ni yaron nan, zai samu alheri", da wuya a ce masa a'a. Ba takardar yarjejeniya, ba ƙayyade lokacin aiki. Shafin ma da sunan babban aka buɗe shi. Ita kuwa harkar dama can ba ta saba biyan haƙƙi ba. A 2022 Ladin Cima, wadda ta tsufa a wasan kwaikwayo, ta gaya wa BBC Hausa cewa 'yan dubban nairori ake sallamarta da su a fim. In dattijuwa irinta haka take, me ɗan shekara goma sha uku zai iya nema?

Ba na musun amfanin. Akwai yaran da wannan baiwa ta biya musu kuɗin makaranta, ta sa tukunya a murhu. Amma a nan nauyin yake. Yaron da ya zama mai ciyar da gida ba shi da ikon cewa ya gaji. Yana kwana yana ƙirga masu kallo, yana karanta zagin mutanen da suka haife shi. A aji malami na masa kallon wanda ya lalace, abokai na tsokanarsa da sunan wasansa. Ran da murya ta buɗe, yarintar da ake saye ta tafi, sai a koma kan wani. Ya rasa karatu, bai koyi sana'a ba, ga kunyar komawa talla ko gona bayan kowa ya san fuskarsa.

Na mace ya fi muni, domin ita kuskure ɗaya ke bin ta har ɗakin aure. Safiya Yusuf, Safara'u ta shirin Kwana Casa'in, ta bayyana cewa bayan yaɗa bidiyonta na sirri a 2020 ta shafe wata uku ba ta fita daga gida ba. Waɗanda suka yaɗa shi ba wanda ya san sunansu.

Hukumar Tace Finafinai ta Kano, tun kafa ta a 2001, ta fi sanuwa da sa ido kan sutura da rawa, ba kan ladan yara ba. A Amurka sai da Jackie Coogan, yaron fim ɗin Charlie Chaplin, ya girma ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun cinye dukiyarsa, sannan Kalifoniya ta yi doka a 1939 ta ajiye wa yaro kasonsa. Jigawa ta samu dokar kare yara a 2021, kuma ina ganin da ita ya kamata a tilasta rubuta yarjejeniya da ware wa yaro kuɗinsa.

In yaron ya daina barci, ya daina magana, gida yakan ce sammu ne ko aljanu. Asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure yana nan, amma iyayen da ke tsoron a ce ɗansu ya haukace sai abu ya ta'azzara suke kai shi.