Jan rubutu a kan koren bango: kuskuren da ke hana manomin Kura karanta shafinka

Da misalin ƙarfe ɗaya na rana a watan Maris, hasken rana a gonakin rani na Kura da Bunkure yakan yi ƙarfin da sai mutum ya kare allon wayarsa da tafin hannu kafin ya ga abin da ke kai. A daidai wannan lokaci ne manomi ke son sanin nawa kwandon tumatir ya kama a kasuwar Kwanar Gafan, don ya yanke shawarar ko ya sa a tsinka yau ko ya jinkirta zuwa gobe. Tumatir kuwa ba ya jira. Idan shafin da ke ɗauke da farashin bai karantu ba, rufe shi zai yi ya kira dillali.

Wannan yanki yana shan ruwa ne daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ruwan kuma na bin magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. Shinkafa da alkama da albasa da tumatir da ake nomawa a nan sun buɗe wa matasa masu iya kwamfuta wata kasuwa: masu shagon taki da iri, masu injin casar shinkafa da ƙungiyoyin manoma duk suna neman wanda zai tsara musu shafi ko hoton talla na WhatsApp da Facebook.

Kusan kowa da kore yake farawa, tunda harkar noma ce, sai ya ɗora jan rubutu saboda tumatir. A cikin ɗaki, a allon kwamfuta, abin yana da kyau. Matsalar ita ce ido ba launi yake fara rarrabewa ba, bambancin haske da duhu yake bi. Ƙa'idar WCAG, wadda hukumar W3C ta fitar da bugunta na biyu a 2008, tana auna wannan bambanci daga 1 zuwa 21. Baƙi a kan fari shi ne 21. Rubutu na yau da kullum yana buƙatar aƙalla 4.5, manyan haruffa kuma 3. Ja zalla a kan kore matsakaici bai kai ko 1.5 ba. Rawaya a kan fari ta fi muni, da kaɗan ta wuce 1. Farin rubutu a kan koren nan mai haske irin na tambarin WhatsApp kusan 2 yake bayarwa, ga shi kuma an fi yin maɓallin "Kira mu" da shi.

Akwai kuma waɗanda idonsu ba ya bambanta ja da kore, galibinsu maza. A Turai kusan namiji 1 cikin 12 ke da wannan lalura. A Afirka ba ta kai haka yawa ba, amma akwai ta. Mark Zuckerberg ma yana cikinsu, ya taɓa faɗa cewa shuɗi ya fi gani sosai, shi ya sa Facebook ya fito da shuɗi. Saboda haka idan shafi yana nuna tashin farashi da kore, saukarsa da ja, to a haɗa da kibiya ko kalmar "ya tashi" da "ya sauka". Kada launi kaɗai ya ɗauki saƙon.

Ba a ce a jefar da kore ba. A duhunta shi sosai, irin na ganyen mangwaro, a yi saman shafi da maɓallai da shi, sannan farin rubutu zai fito a kai. Inda ake jera farashi da lambar waya kuwa, bango ya zama fari ko ruwan madara, rubutu baƙi ko shuɗi mai duhu irin na rinin baban Ƙofar Mata. Ja a ajiye shi don abu guda, kamar gargaɗin cewa maganin feshi guba ne. Launi uku sun isa.

Baƙin bango da matasa ke yayi yanzu yana da daɗi da dare, amma a tsakar rana allon yakan koma madubi, mutum ya riƙa ganin fuskarsa. Zancen cewa yana rage cin batir ma gaskiya ne a allo nau'in OLED kawai. Yawancin wayoyi masu araha na Itel da Tecno allon LCD gare su, fitilarsu na ci ko bangon baƙi ne ko fari.

Aunawa ba ta cin ko sisi. Shafin WebAIM yana da ma'aunin da za a zuba lambar launuka biyu ya fitar da sakamako nan take, Lighthouse da ke cikin Chrome kuma yana nuna rubutun da ya gaza. Za a iya mayar da allon Android zuwa fari da baƙi a ga ko maɓallai sun ɓace. Gwajin ƙarshe shi ne a ari tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, a rage haskenta zuwa rabi kamar yadda mai tattalin caji ke yi, a fita bakin titin Kano zuwa Zariya da azahar, a gwada karanta lambar wayar da ke ƙasan shafin.