Sawun Rola a Bango: Dalilinsa da Maganinsa

Da yawa daga cikin 'yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba da Obalende a Ikko, da na Sabo a Badun, da aikin fenti suke cin abinci. Wasu kuwa ɗakin hayarsu suke shafewa da kansu in Salla ta gabato. To, babu abin da ya fi haɗa mai fenti rigima da mai gida kamar sawun rola, watau layukan nan da ke fitowa a bango bayan fenti ya bushe. Da yamma ba a cika ganinsu ba, amma da hantsi ya leƙo ta taga sai asiri ya tonu, mai gida ya riƙe cikon kuɗin aiki.

Dalilan abin uku ne. Na farko, danna rola da ƙarfi, domin fenti yakan tsattsafo ta bakinta biyu ya bar tudu. Na biyu, cika wa fenti ruwa don bokiti ɗaya mai lita 20 ya ishi gida duka, alhali lita guda ba ta wuce wajen murabba'in mita 10 a shafi ɗaya. Na uku, barin gefen da aka shafa ya bushe kafin a haɗa shi da na kusa, sai mahaɗin ya fi sauran bango duhu.

Har wa yau akwai bambancin yanayi. Wanda ya koyi sana'ar a Kano ko Sakkwato ya saba da fentin ruwa mai bushewa nan da nan. A Ikko kuwa iska tana da laima, balle a watan Yuni. Awa 2 zuwa 4 da aka saba jira tsakanin shafi da shafi ba ta isa da damina. In an yi gaggawa sai rola ta ɗago shafin farko. Sabon yaɓen siminti kuma a ba shi kwana 28 tukuna.

In sawun ya riga ya fito, kada a bi shi da burushi ana faci, gama faci sabon tabo yake haifarwa. A bari bango ya bushe sarai, ko da zai kwana. Sa'an nan a goge tudun da sanfefa mai laushi, lamba 150 ko 180, a share ƙurar da tsumma mai ɗan danshi. Daga nan a sake shafe bangon gaba ɗaya, daga wannan kusurwa zuwa waccan ba tsayawa. A riƙa mirgina rola a faranti har fenti ya ratsa gashinta daidai, kowane zubi ya hau rabin wanda ya gabace shi tun yana ɗanye, a ƙarasa da ja mai sauƙi daga sama zuwa ƙasa.

Kafin a kira mai gida, a rufe taga a haska tocila ta gefen bango. Duk sawun da ya rage zai bayyana. Mai fentin da ya yi haka ya tsare kuɗinsa da sunansa, gama a baƙon gari aikin jiya ke kawo na gobe. Sauri kuwa, in ji Hausawa, ya haifi nawa.