Haɗin gwiwa da manyan kamfanonin manhaja: darasin da cPanel da VMware suka bar wa masu ajiye shafukan intanet

A ranar 27 ga watan Yunin 2019, kamfanonin da ke ajiye shafukan intanet a faɗin duniya sun wayi gari da wata sanarwa daga cPanel, kamfanin Amurka mai manhajar da ake sarrafa shafuka da akwatunan imel da ita. Kafin wannan rana, kuɗin lasisi ɗaya ne ga kowace saba, wato babbar kwamfutar da shafukan ke zaune a ciki, ko mutum goma ke kanta ko dubu. Sanarwar ta ce daga 1 ga watan Satumba za a riƙa ƙidaya asusun kowane abokin ciniki: dala 45 a wata ga asusu 100 na farko, sannan santi 20 kan duk wanda ya ƙaru.

Lissafin ba shi da wuya. Mai saba ɗauke da asusu 1,000, wanda ya saba biyan dala 45, zai koma biyan dala 225. Kamfanonin da suka riga suka sayar wa jama'a ajiyar shekara guda a kan farashi mai sauƙi ba su da hanyar ƙara kuɗi nan take, sai dai su cike giɓin daga aljihunsu.

Lamarin ya shafi matashin da ke gina shafi wa shago ko ƙungiya a Yamai, Maraɗi ko Damagaram, da ɗan ci-ranin da ke wannan sana'a daga Turai. Yawancinsu ba su da saba ta kansu. Wuri suke haya daga wani kamfani, su yanka su sayar, kuma duk abin da ya sauya a sama sai ya gangaro kansu.

Me ya sa ake neman haɗin gwiwar?

Kamfanin ajiye shafuka ba ya ƙirƙiro duk abin da yake sayarwa. Injina da wutar lantarki da layin intanet nasa ne, amma manhajar da ke tafiyar da su ta wasu ce: cPanel ko Plesk don sarrafa shafuka, Windows Server na Microsoft, ko VMware da ke raba kwamfuta ɗaya ta yi aikin kwamfutoci da yawa. Wanda ya shiga tsarin abokan hulɗar waɗannan kamfanoni yana samun rangwame, da taimakon ƙwararru in abu ya lalace, da izinin ɗora tambarinsu a shafinsa. Ko a sauyin 2019, abokan hulɗar cPanel rabin kuɗin kowane ƙarin asusu aka yanka musu, wato santi 10.

Su ma manyan kamfanonin suna da buƙata. Microsoft ba za ta bi kowane ƙaramin shago tana tallata imel ba. Mai ajiye shafuka ne ya san abokin cinikin, yana jin harshensa, ya san yadda yake biyan kuɗi. Wannan kusanci shi ne jarin ƙaramin kamfani a teburin ciniki.

Matakan shiga

Ba a fara wannan hulɗa daga hedikwata. Kamar yadda ɗan kasuwa ke ɗaukar kaya a hannun babban dila kafin masana'anta ta san sunansa, haka abin yake a nan. A tsarin Microsoft mai suna CSP, ƙaramin kamfani yana yin rajista a matsayin dillali a ƙarƙashin babban mai rarraba kaya, ya sayar da Microsoft 365 ya ɗauki ribarsa. Wanda ke son ɗora Windows Server a kan injinansa ya ba da haya kuwa, yarjejeniyar SPLA yake sa wa hannu. Ta shekara uku ce, kuma kowane wata sai ya kai rahoton lasisin da ya yi amfani da shi ya biya. Microsoft na da damar turo masu bincike su duba littattafansa, kuma wanda aka kama ya rage ƙidaya zai biya bashin baya.

Saboda haka abin da ake fara dubawa shi ne rajistar kamfani, da tsabtar lissafi, da ma'aikatan da suka ci jarrabawar shaidar ƙwarewa. Bayan haka sai yawan ciniki: gwargwadon abin da ka sayar, gwargwadon matakin da za a ɗora ka da rangwamen da za ka samu.

Kamfanin OVHcloud na Faransa misali ne na inda tsanin ke iya kaiwa. Octave Klaba ne ya kafa shi a 1999, kuma hedikwatarsa na Roubaix a arewacin ƙasar. Ya gina wani babban ɓangare na kasuwancinsa a kan VMware, a 2020 kuma ya ƙulla yarjejeniya da Google don tafiyar da wata manhajar Google a kan injinansa na Turai.

Idan mai kaya ya sauya

Matsalar ita ce wanda ka yi yarjejeniya da shi yau ba lallai shi ne zai riƙe kamfanin gobe ba. Ƙarin kuɗin cPanel ya zo ne ƙasa da shekara guda bayan kamfanin zuba jari na Oakley Capital ya saye shi a 2018. Shi ne kuma ya sayi Plesk tun 2017, wato manyan abokan gasa biyu sun koma gida ɗaya.

Na VMware ya fi zafi. A watan Nuwamban 2023 Broadcom ta kammala sayensa a kan kusan dala biliyan 69. Cikin ƴan makonni ta daina sayar da lasisin dindindin, ta mayar da kowa kan biyan haya. A farkon 2024 ta rushe tsohon tsarin abokan hulɗa, ta kafa sabo wanda sai an gayyace ka, da sharaɗin biyan lasisin aƙalla ƙwayoyin sarrafa bayanai 3,500 na kwamfuta. Manya irin su OVHcloud sun samu shiga matakin ƙoli. Ƙananan da suka yi shekaru suna sayar da VMware kuwa aka ce su raɓu da wani babba, ko su nemi wata manhajar.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Kamfanonin Turai sun gane cewa ɗaiɗai ba a sauraronsu. Ƙungiyarsu mai suna CISPE ta kai ƙarar Microsoft gaban Hukumar Tarayyar Turai a watan Nuwamban 2022, tana zargin cewa sharuɗɗan lasisinta na sa manhajarta ta fi tsada a kan injinan wasu fiye da kan nata na Azure. A watan Yulin 2024 aka yi sulhu: Microsoft ta amince ta biya kusan yuro miliyan 20, ƙungiyar ta janye ƙarar. A watan Yulin 2025 kuma CISPE ta garzaya kotun Tarayyar Turai tana neman a soke amincewar da aka yi wa cinikin Broadcom da VMware.

Wata mafitar ita ce a tanadi madadi. A watan Disamban 2020 Red Hat ta sanar cewa za ta daina kula da CentOS 8, manhajar kyauta da sabobi masu yawa ke gudana a kanta, a ƙarshen 2021 maimakon 2029. Kamfanin CloudLinux, wanda masu ajiye shafuka ne abokan cinikinsa, ya fitar da AlmaLinux a watan Maris na 2021 don cike gurbin. Haka ma bayan ƙarin kuɗin cPanel, kamfanoni da dama sun koma DirectAdmin, wasu masu VMware kuma suka karkata ga Proxmox.

Abin da mai farawa zai duba

Ga mai shirin shiga sana'ar daga Nijar, kuɗin da aka rubuta yarjejeniya da shi na da muhimmanci. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 kan yuro ɗaya, don haka lasisin yuro ba ya motsi sai in mai kaya ya ƙara. Na dala kuwa yana hawa da sauka da canji, ko da farashin bai sauya ba.

Sai kuma sharuɗɗan da ke cikin takardar: wa'adin da za a ba ka kafin a ƙara farashi, mafi ƙarancin abin da dole ka saya, da makomar yarjejeniyar idan aka sayar da kamfanin. Kada a sayar wa abokin ciniki ajiyar shekara uku a kan farashi tsayayye alhali lasisin na wata-wata ne. Ya kamata kuma sunan shafi, ko mai ƙarewa da .ne ne ko .com, da kwafin bayanan abokan ciniki su kasance inda za a iya kwashe su cikin sauƙi. Waɗanda suka taɓa gwada ƙaurar da shafi ɗaya zuwa wata manhaja tun kafin rana ta ɓaci, su ne sanarwar 2019 ta samu da abin yi cikin wata biyun da aka ba su.