Yayye mata a Amurka: ƙungiyoyin da ke riƙe hannun 'yan mata

A shirin 'yan mata na wannan mako mun leƙa Amurka ne, inda wasu ƙungiyoyin mata 'yan jami'a ke renon 'yan matan sakandare. Ga taƙaitaccen bayanin ga wanda bai samu saurare ba.

Asalin abin shi ne, a lokacin da ake nuna wa baƙar fata wariya, 'yan matansu da suka samu shiga jami'a sai suka kafa ƙungiyoyin zumunci nasu na kansu. A Jami'ar Howard da ke Washington aka kafa Alpha Kappa Alpha a 1908, wadda Kamala Harris ke ciki. Sai Delta Sigma Theta a 1913, mata 22 suka kafa ta, sannan Zeta Phi Beta a 1920. Sigma Gamma Rho kuwa a Indianapolis aka kafa ta a 1922. Wadda ta shiga ta shiga ke nan har tsufanta, tana biyan kuɗin ƙungiya, tana zuwa taron reshen garinsu.

To, waɗannan rassa su ne ke buɗe kulob na ƙanana. Zeta na da Archonettes, na 'yan shekara 14 zuwa 18. Delta na da GEMS na masu wannan shekaru, Sigma kuma na da Rhoer. Yarinya tana samun babbar yaya, wataƙila likita ce ko lauya ko malama, wadda za ta zauna da ita su duba sakamakon jarabawa, su cika takardar neman jami'a da ta tallafin karatu, a koya mata tsayawa gaban jama'a ta yi magana da yadda ake tattalin kuɗi. Ita ma ba a zaune take ci ba: za ta fita raba abinci ga mabuƙata, ta ziyarci gidan tsofaffi, ta tara littattafai wa yara.

Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne ɗorewar. Ba taron yini ɗaya ba ne a raba riguna a watse, ana tare da yarinya shekara da shekaru, har a ga ta shiga jami'a. Amma fa akwai abin dubawa. Rassa da yawa sai sun duba maki kafin su karɓa, ga kuɗin rajista da na sutura, wato wadda ta fi buƙatar a ja hannunta, wadda ke shirin barin makaranta, ita ce ke iya rasa ƙofa.

Wata mai saurare ta tambaya ko sun iso Afirka. E, tun 1948 Zeta ta buɗe reshe a Monrobiya, babban birnin Laberiya. A mako mai zuwa za mu karanta saƙonninku, musamman na malamai mata da ke ganin za su iya ɗaukar yarinya ɗaya a unguwarsu.