Chamillionaire, Ɗan Asalin Najeriya a Fagen Gambarar Houston

Hakeem Seriki, wanda duniya ta fi sani da Chamillionaire, mawaƙin gambarar zamani ne daga Houston ta jihar Texas, a kudancin Amurka. An haife shi a Washington ranar 28 ga Nuwamba, 1979. Mahaifinsa Musulmi ne ɗan asalin Najeriya, mahaifiyarsa Kirista, kuma yana da shekara huɗu suka koma Houston da zama.

A lokacin tasowarsa, New York da Los Angeles ne ke riƙe da kambin gambara, manyan kamfanoni ba su cika waiwayar mawaƙan Kudu ba. Sai 'yan Houston suka buɗe tasu kasuwar. Wani mai haɗa kiɗa, DJ Screw, wanda ya rasu a 2000, ya fito da salon rage wa waƙa gudu har muryar mawaƙi ta yi kauri tana jan jiki, sannan a datse wata gaɓa a yi ta maimaita ta. Irin waɗannan kaset-kaset hannu da hannu ake sayar da su, a bayan mota da ƙananan shaguna. Duk wanda ya ga yadda sabuwar waƙa ke zagaye Birnin Kudu da Gwaram ta hannun masu tura waƙa a memori, tun rediyo bai san da ita ba, ya fahimci yadda abin yake.

A wannan kasuwa Hakeem ya goge. Shi da abokin ƙuruciyarsa Paul Wall sun fara da kamfanin Swishahouse, daga baya suka ware suka fitar da kundin *Get Ya Mind Correct* a 2002, wanda aka sayar da fiye da kwafi dubu 100 ba tare da wani babban kamfani ya ɗaure masa gindi ba. Da suka raba gari, ya kafa nasa kamfanin, Chamillitary, ya saki *Mixtape Messiah* a 2004. Sai da ya tara masoya da guminsa sannan ya ƙulla yarjejeniya da babban kamfanin Universal, ya fitar da *The Sound of Revenge* a Nuwambar 2005.

Baiwarsa biyu ce, kuma ba kasafai ake samunsu a baki ɗaya ba. Yana iya zubo baiti da sauri, kalma na bin kalma ba tuntuɓe, sannan ya sassauta murya ya rera amshinsa da kansa. An ji duka biyun a waƙar "Ridin'", wadda ya yi da Krayzie Bone. Jigonta shi ne yadda 'yan sandan Amurka ke tare baƙar fata a kan hanya su caje masa mota don zato kawai. Kiɗan na rawa ne, amma ƙorafin da ke cikinsa na gaske ne, shi ya sa ta shiga zukata. Ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard a 2006, miliyoyin mutane suka saye ta a matsayin kiɗan kiran waya, ta kuma ci lambar Grammy a 2007.

Abin da ya yi bayan haka ya cancanci yabo. A kundinsa na biyu, *Ultimate Victory*, na Satumbar 2007, ya tsarkake bakinsa daga ashar, har faifan ya fita babu tambarin gargaɗin iyaye. Ya ce abin da ya dame shi shi ne jin Turawa 'yan kallo na maimaita kalmar cin mutuncin baƙar fata a bayansa yayin wasa. Cinikin kundin bai kai na farko ba.

Kundi na uku, *Venom*, bai taɓa fitowa ba saboda saɓani da Universal, kuma a 2011 ya bar kamfanin ya koma sayar wa masoyansa kai tsaye ta intanet. Daga nan hankalinsa ya karkata ga zuba jari a kamfanonin fasaha. Ya kasance cikin masu hannun jari a Maker Studios, wanda Disney ya saya a 2014 kan dala miliyan 500, da Cruise, mai ƙera fasahar mota mai tuƙa kanta, wanda General Motors ya saya a 2016.