Kyau da tsufa cikin waƙoƙin Shekisfiya

Ko kun taɓa duba madubi kuka ga farin gashi guda? Ran nan mutum yakan yi shiru. Yakan tuna ƙuruciya ta fara tafiya. Wannan tunani ba namu ne mu kaɗai ba. Mutanen ƙasar Ingila ma sun yi shi, har sun rubuta waƙoƙi bisa kansa. Yau za mu ga yadda ake karanta irin waɗannan waƙoƙi a gane su.

Wane ne mai waƙar?

Sunansa Wiliyam Shekisfiya. An haife shi a Ingila cikin shekara ta 1564, ya rasu cikin 1616. An fi saninsa da rubuta wasan kwaikwayo, amma ya rubuta waƙoƙi kuma. Cikin 1609 aka buga littafin gajerun waƙoƙinsa a birnin Landan. Waƙa 154 ke ciki. Ba su da suna, kowace da lambarta ake kiran ta. Da yawa daga cikinsu maganarsu guda ce: kyau na gushewa, tsufa na tafe, to mi mutum zai yi?

Ƙirar waƙar

Irin wannan waƙa ana ce mata sonet. Daga ƙasar Italiya ta fito, can cikin ƙarni na 13. Sai cikin ƙarni na 16 ta shiga harshen Ingilishi.

Kun san rubutattun waƙoƙinmu na Hausa suna da tsari. Wata baitinta layi 2 ne, wata layi 5, kuma ƙarshen layukan na amsa juna da sauti guda. Ita ma sonet haka take da nata tsari. Layi 14 ne. Galibi kowane layi na da gaɓa 10. Kun tuna gaɓa? Kalmar ka-ra-tu gaɓa 3 ce.

Shekisfiya yakan raba layukan kashi huɗu: layi 4, layi 4, layi 4, sa'an nan layi 2 na rufewa. Kashi ukun farko suna shimfiɗa magana. Layi biyun ƙarshe su ke ɗaure ta, wani lokaci ma su juya ta. In kun riƙe wannan, kun samu rabin hanya. Saura abu uku.

Na ɗaya: ku san ƙasar mai waƙar

Mu ɗauki waƙa ta 18. Mai waƙar na son yabon wani abokinsa saurayi, sai ya gwada shi da yini guda na lokacin zafinsu. Mu nan, da mun ji zafi sai mu tuna bazara: zufa, ƙishirwa, rijiya ta yi nisa, bisashe sun rame. Wa zai yabi mutum da wannan?

Amma Ingila ƙasar sanyi ce da hadari. Cikin watan Disamba, rana na faɗuwa a Landan wajen ƙarfe 4 na yamma. Cikin watan Yuni kuwa tana kai ƙarfe 9 na dare ba ta faɗi ba. Wannan lokaci na ɗumi shi ne abin marmarinsu. Itatuwa sun yi kore, furanni sun buɗe. Yadda muke murna da damana in ta zauna, haka suke murna da shi.

Yanzu kun ga yabo ne babba. Duk da haka mai waƙar bai tsaya nan ba. Ya nuna lokacin ɗumin ma na da aibi: gajere ne, kuma ba kullum yake da daɗi ba. Daga layi na 9 sai magana ta juya. Ya yi wa abokin alkawari cewa shi nasa kyau ba zai gushe ba. Don mi? Don an rubuta shi. Muddin akwai masu karatu a duniya, ana tuna shi.

Na biyu: ku bi misalai bi da bi

Waƙa ta 73 ta tsufa ce. Mai magana na gaya wa masoyinsa ya dube shi da kyau. Ya kawo misali uku, kowane kashi da nasa.

Misali na farko: itace a ƙarshen shekara, ganyensa ya zube, tsuntsaye sun bar shi. Misali na biyu: almuru, rana ta faɗi, duhu na shigowa. Misali na uku: wuta ta ci itacenta ta ƙare, saura garwashi bisa toka.

Mai karatun gaggawa zai ce duka ukun abu guda ne, wato tsufa. Gaskiya ne. Amma ku dakata ku sake dubawa. Na farko maganar shekara yake. Na biyu maganar yini. Na uku ɗan lokaci ne kawai kafin wuta ta mutu. Kun gani? Lokacin sai ƙara gajarcewa yake, kamar yadda tsoho ke ji shekaru na gudu.

Akwai wani abu kuma. Itacen da ya zubar da ganye zai sake toho baɗi. Ranar da ta faɗi za ta fito gobe. Amma itacen da ya zama toka ba ya sake kamawa. Ashe mai waƙar da gangan ya aje misalin wuta a ƙarshe. Ya fara da abin da ke dawowa, ya ƙare da abin da ba ya dawowa.

To layi biyun ƙarshe fa? Kuna tsammanin kuka za a yi. A'a. Ma'anarsu ita ce: sanin rabuwa ta kusa ƙara ƙarfin ƙauna yake. Duk wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida ya san wannan. In ka ga ƙarfinsu na raguwa, ka fi yawan zama kusa da su.

Ku lura da wani abu. Lokacin da aka buga littafin, Shekisfiya shekararsa 45 ce kawai. Saboda haka mai magana cikin waƙa ba dole ne ya zama hoton mai rubutun daidai wa daida ba. Mawaƙi na iya ara bakin wani ya yi magana.

Na uku: kada ku yanke hukunci sai kun kai ƙarshe

Waƙa ta 130 maganar wata mace ce. Mawaƙan zamanin sun saba zuga mata fiye da kima. Sukan gwada su da rana, da furanni, da turare. Shi kuwa sai ya bi jikin matar da yake so, ido, leɓe, gashi, murya, yana nuna ba ta kai waɗannan abubuwa ba. Layi 12 cur yana haka.

In kun tsaya nan, za ku ce zagi ne. Amma layi biyun ƙarshe sun juya komi. Ya nuna a wurinsa ba ta gaza kowace mace da aka zuga da ƙarya ba. Ashe ba ita yake wa ba'a ba, maƙaryatan mawaƙa yake wa. Yana son ta yadda Allah ya yi ta, mutum mai tafiya a ƙasa kamar kowa.

Wannan darasi ya wuce waƙa. Wasiƙa ce, ko takardar bashi, ko takardar magani, ku karanta har layin ƙarshe. Sau da yawa maganar gaske can take.

Mine ne maganin tsufa?

Shekisfiya ya san ba mai tsayar da lokaci. Abin da ya nema shi ne abin da zai saura bayan mutum. Cikin waƙoƙi 17 na farko, yana ta roƙon wani kyakkyawan saurayi ya yi aure ya haihu, don kamanninsa su zauna a fuskar ɗiyansa. Wannan mun san shi, mu ma haka iyaye ke faɗi. Bayan haka ya kawo rubutu. Ya kawo kuma ƙauna wadda ba ta dogara ga kyan fuska ba.

Ku duba maganar rubutun nan. Fiye da shekara 400 ke nan. Saurayin ya tafi, kyansa ya tafi, ko sunansa ba a faɗi cikin waƙoƙin ba. Amma ga mu yau muna zancensa. Alkawarin mai waƙar ya cika.

Ku da kuka shiga ajin yaƙi da jahilci da girmanku, wannan alƙalami yanzu yana hannunku. Kuna iya rubuta sunan kakarku, da halinta, da karin maganar da takan yi. Jikokinku za su karanta bayan ba ku.

Tambayoyi

1. Layi nawa ke cikin sonet? Yaya aka raba su?
2. Don mi mutanen Ingila ke son lokacin ɗumi?
3. Cikin misalai uku na waƙa ta 73, wanne ne ba ya dawowa?
4. Ku rubuta layi 4 bisa wani tsoho ko wata tsohuwa da kuke ƙauna.