Wutar gona da shari'ar kisan kai

Duk manomi ya san sharar gona kafin damina: a tara kara da ciyawa a cinna musu wuta. Wani lokaci wutar takan tsallaka ta cinye rumbun maƙwabci. Idan magana ta je gaban mai gari, kafin a ƙirga damman geron da suka ƙone, sai ya tambayi yadda aka kunna ta.

Wani ya kunna da yamma iska a kwance, ya zagaye wurin da shara, sai guguwa ta taso ta ɗauki tartsatsi. Wani ya kunna ya tafi kasuwa bai waiwaya ba. Wani ya kunna a gindin rumbun, iska na kaɗawa can, alhali ya san abin da zai biyo baya. Na huɗu kuwa da dare ya je da ashana, rumbun yake nufi. Asarar iri ɗaya ce, amma mai hankali ba zai yi musu hukunci ɗaya ba.

Haka dokar Penal Code da Arewacin Najeriya ta fara aiki da ita a 1960 take auna kisan kai. Sashe na 221 ya tanadi hukuncin kisa ga wanda ya yi niyyar kashewa, da kuma wanda ya san, ko yake da dalilin sani, cewa aikinsa mutuwa zai haifar a bisa rinjaye. Wato mai ashanar dare da mai kunna wuta a gindin rumbu layinsu ɗaya. "Ban yi nufi ba" ba ta ceton wanda ya sari kan mutum da gatari. Sashe na 222 ya sassauta wa wanda aka tunzura tunzuri mai tsanani nan take har hankalinsa ya gushe, da wanda sakacinsa ya jawo mutuwa. Waɗannan ba a kashe su, sai dai ɗauri ko tara.

Shari'ar Musulunci ta riga ta raba kisan ganganci da na kuskure. Na farko ƙisasi ne, sai idan magada sun yafe ko sun karɓi diyya. Na biyu diyya ce ta raƙuma 100 da kaffarar azumin wata biyu a jere ga wanda bai sami bawan da zai 'yanta ba.

Alƙali ba ya ganin zuciya, don haka yake duba makamin, da wurin da aka sara, da yawan saran, da kalaman da suka gabata. Wannan aiki yana bukatar shaidu da natsuwa, abin da taron jama'a a fusace ba shi da shi. Saboda haka idan direba ya kaɗe mutum a unguwarku, ku tsare shi daga duka, ku miƙa shi ga 'yan sanda. Wanda ya kashe shi a wurin, shi ne ya yi kisan ganganci.